Filin Tambaya da Amsa: Hoton Ido Zai Iya Auna Kitsen Jini?

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk a kan abu ɗaya suka taru: ko za a iya gane yawan kolestarol, wato kitsen da ke yawo a jini, ta hanyar ɗaukar hoton ido, ba tare da an huda mutum da allura ba. Likitan ido da injiniyan sarrafa hotuna na wannan fili ne suka haɗu suka amsa.

Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya haura shekara 70, kuma akwai wani zobe fari-fari mai shuɗi-shuɗi da ya kewaye baƙin idonsa. Yanzu mun lura ƙanena mai shekara 34 shi ma ya fara. Ya ɗauki hoton idonsa da wata manhajar waya, ta ce kolestarol ɗinsa 240 ne. Mu yarda da ita? (Wata mai karatu daga Zariya)

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Lambar nan ki ajiye ta gefe, domin babu wata manhaja da aka tabbatar tana iya fitar da adadin kolestarol daga hoton ido. Amma zoben da ke idon ƙanenki kada a ajiye shi gefe. Shi ne abin dubawa.

Zoben nan ba a kan baƙin ido yake ba, a jikin gilashin da ya rufe baƙin idon yake, wanda likitoci ke kira koniya. Wannan gilashi ba shi da jijiyoyin jini, sai a bakinsa, inda ya haɗu da farin ido. Daga waɗannan ƙananan jijiyoyi ne kitse ke tsatsafowa a hankali, shekara da shekaru, yana taruwa a gefe. Yakan fara daga ƙasa da sama kamar baka biyu, daga baya su haɗe su zama zobe. In kika duba da kyau a wuri mai haske, za ki ga wani siririn layi mai duhu da bai wuce milimita ɗaya ba tsakanin zoben da farin ido. Wannan tazarar ita ce babbar shaidarsa. Ba ya hana gani, ba ya ciwo, ba kuma yanar ido ba ne, don haka ba ya buƙatar ɗigon magani ko tiyata.

Ga tsoho kamar Baba, zoben abin da aka saba gani ne. Yawancin masu shekarunsa suna da shi, har da waɗanda jininsu lafiya lau, kuma ya fi fitowa fili a idon baƙar fata saboda duhun da ke bayansa. A birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak an bi diddigin mutum 12,745 tun daga ƙarshen shekarun 1970 har zuwa 2009, aka buga sakamakon a 2011. Da aka cire tasirin shekaru da sauran dalilai, zoben shi kaɗai bai nuna ƙarin haɗarin ciwon zuciya ba.

Ƙanenki kuwa lissafinsa daban. Zoben da ya fito kafin shekara 45 yana cikin alamomin wata larura da ake gado, wadda hanta ba ta iya kwashe mugun kolestarol, wato LDL, daga jini yadda ya kamata tun daga haihuwa. Kusan mutum ɗaya cikin 250 zuwa 300 ne ke da ita, kuma yawancinsu ba su sani ba sai bugun zuciya ya same su da ƙuruciya. Mai ita yana iya zama siriri, mai motsa jiki, wanda bai damu da man shanu ko kitsen tsire ba. A ma'aunin da asibitocin Holan suka tsara, wanda likitoci ke amfani da shi a ƙasashe da yawa, zoben kafin 45 maki 4 ne, kumburin kitse a agara ko a jijiyoyin bayan hannu maki 6, LDL daga 5.0 zuwa 6.4 a ma'aunin awon jini na mmol/L maki 3, daga 6.5 zuwa 8.4 maki 5. Wanda makinsa ya wuce 8 an tabbatar yana da ita. Kin ga zoben ma sai an haɗa shi da awon jini kafin ya zama hujja.

Don haka ya je asibiti a cikin makon nan a auna masa kitsen jini cikakke. Ya tafi da amsar wannan tambayar: a dangi akwai namijin da ciwon zuciya ya kama kafin 55, ko mace kafin 60? Likita ya shafa agararsa ya ji ko ta yi kauri ko tana da ƙulli. In LDL ya kai 4.9 mmol/L ko ya wuce, to ke ma, da sauran 'yan uwa da kuke ciki ɗaya, da 'ya'yansa, duk sai an auna ku, domin duk ɗan da mai larurar ya haifa, damar gadonta rabi da rabi ce. Yara ana son a auna su kafin su cika shekara 10.

Abu na ƙarshe, Hajiya: ko ya fara shan magani kitsen ya sauka, zoben ba zai goge ba. Kamar shatin da ambaliya ke bari a jikin katanga yake, yana nuna ruwa ya taɓa kaiwa nan, ba ya nuna inda ruwan yake yau. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki dalilin da hoton zobe ba zai ba da lambar yau ba.

Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a ajin ƙarshe, kuma aikin da aka ba ni shi ne gano kolestarol daga hoton ido. Na tattaro hotuna 60 daga intanet, manhajata tana cin kashi 96 cikin 100. Amma da na gwada ta a kan abokaina sai ta ce kusan kowa yana da shi. Ina matsalar take? (Wani ɗalibi daga Kano)

Malam, madalla da ka gwada ta a kan mutane na gaske, da yawa ba sa kaiwa nan. Mu fara da gyara sunan aikin: abin da manhajarka ke nema zobe ne, ba kolestarol ba. In ka rubuta haka a kan aikinka, ka tsira daga rabin tambayoyin masu jarrabawa.

Hanyar da kusan kowa ke bi an aro ta ne daga fasahar tantance mutum da ƙwayar ido, wadda John Daugman na jami'ar Kambirij ya wallafa a 1993. Ana nemo da'ira biyu, ta ɗigon tsakiya da ta bakin baƙin ido, ko dai da dabarar Daugman ko da ta Hough. Sai a warware abin da ke tsakaninsu ya zama miƙaƙƙen ƙyalle, misali ɗigon hoto (pixel) 64 a tsaye da 512 a kwance. Sai a yanki ɓangaren waje, a mayar da shi fari da baƙi, a raba mai haske da mai duhu da dabarar Otsu ta 1979, a ƙirga fararen ɗigo. In sun wuce wani adadi, a ce akwai zobe. A kowane mataki akwai ramin da ake faɗawa.

Ramin farko, wanda muke kyautata zaton shi ya kama ka, baƙin ido ba cikakkiyar da'ira ba ne. Faɗinsa a kwance wajen milimita 12 ne, a tsaye bai kai haka ba. In ka ɗora masa da'ira, farin ido zai kutso ta sama da ƙasa, manhajar ta ƙirga shi a matsayin zobe. Ka yi amfani da siffar ƙwai maimakon da'ira, sannan ka duba iyakar kowane hoto da idonka kafin ka wuce. Na biyu, dabarar Otsu ba ta san “babu” ba. Duk abin da ka ba ta sai ta raba shi gida biyu, ko da idon jariri ne. Maganinsa shi ne ka kwatanta hasken gefe da hasken tsakiyar baƙin idon mutumin nan ɗaya, kuma ka sa manhajar ta nemi siririn layin nan mai duhu da ke tsakanin zobe da farin ido. Fari, duhu, fari, sannan baƙi: in ba a samu wannan jerin ba daga waje zuwa ciki, a yi shakka.

Akwai wani kuskure da ba a cika lura da shi ba. Ƙyallen Daugman yana miƙewa yana tsukewa ne da girman ɗigon tsakiya, wanda ke buɗewa a duhu ya tsuke a haske. Zoben kuwa a kan gilashi yake, ba ya motsi. Saboda haka kada ka yanki kashi kaza na ƙyallen. Ka auna daga bakin baƙin ido zuwa ciki, kimanin milimita biyu, wato kashi ɗaya cikin shida na faɗinsa.

Sai ɗaukar hoton kansa. Ka kashe filasha, domin ƙyallinsa a kan gilashin ido fari ne tas. Ka sa fitila biyu masu laushin haske a dama da hagu, ka ɗaure wayar a kan mariƙi, nisa ɗaya ga kowa, mutum ya ɗora haɓarsa a wuri ɗaya. Ka kulle daidaita launi da haske kada wayar ta riƙa sauya su da kanta, ka kashe duk wani abin gyara fuska. Faɗin baƙin ido ya kai aƙalla ɗigo 600 a hoton, wato ɗigo 50 a kowace milimita. In ɗigo 200 ne kawai, layin duhun nan na rabin milimita bai fi ɗigo takwas ba, ɗan girgizar hannu ya shafe shi. Kada a turo maka hotuna ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse su. Kuma tunda zoben daga ƙasa da sama yake farawa, daidai inda fatar ido ke rufewa, sai mutum ya ɗaga fatar da yatsa mai tsabta, ko ka ɗauki hoto uku: yana kallon gaba, sama, da ƙasa. Rumbun hotunan CASIA na ƙasar Sin da ɗalibai ke yawan saukewa, yawancinsa da hasken infrared, wanda ido ba ya gani, aka ɗauka don tantance mutum, ba launi a ciki, kuma babu sakamakon jinin kowa.

Idanun da za ka tarar a Kano ma suna da nasu abubuwan. Tsokar nan da ke tsirowa daga farin ido ta hau kan baƙi, wadda rana da ƙura ke haddasawa, tana da yawa. Akwai hakiya, akwai tabon amosanin ido a saman gilashi, akwai kwalli da ke rikita gano bakin fatar ido. Yara da samari masu ƙaiƙayin ido na lokacin zafi sukan sami wani farin baka a gefe mai kama da zoben sak, alhali ba ruwansa da kitsen jini. Dole likitan ido ya duba kowane hoto, ko ma ya duba mutumin da na'urarsa ta asibiti, ya rubuta abin da ya gani.

Kashi 96 ɗinka kuwa, ga inda ya fito. Hotunan zobe na intanet na tsofaffi ne, an zaɓe su don sun fito ƙarara, kuma da kyamarar asibiti aka ɗauka. Na masu lafiya kuwa na matasa ne. Manhajar ta koyi bambance tsoho da yaro, da kyamara da kyamara. In kana son aiki mai daraja, ka nemi izinin kwamitin ɗa'a na wani asibiti, ka ɗauki hoton waɗanda suka zo awon kitsen jini a ranar da aka ɗebi jininsu, da amincewarsu a rubuce, ka rubuta shekaru, jinsi, da ko suna shan maganin rage kitse. Idanu biyu na mutum ɗaya kada ɗaya ya shiga rukunin koyo ɗaya ya shiga rukunin gwaji. Sannan ka yi gwajin da ya fi kowanne muhimmanci: ka gina wani ɗan lissafi da ke hasashe da shekaru da jinsi kawai, ba hoto. In manhajarka ba ta doke shi ba, hoton bai ƙara komai ba, kuma wannan ma sakamako ne da ya cancanci a rubuta.

Ka kuma daina ba da lamba ɗaya. A misali, ɗauka cikin mutum 1,000 akwai 100 masu yawan LDL, manhajarka kuma tana kama 80 cikin 100 na masu shi, tana wanke 80 cikin 100 na marasa shi. Za ta ɗaga wa mutum 260 hankali, 80 ne kawai na gaske, ta kuma sallami mutum 20 masu larura da cewa lafiyarsu ƙalau. Waɗannan 20 su ne abin tsoro.

A kasuwarmu akwai mai haska ido da tocila yana duba wata taswira, ya gaya wa mutum cewa kitse ya toshe masa jijiya ko ƙodarsa ta gaji, sannan ya sayar masa da magani. Wannan ilimi ne? (Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi)

Alhaji, ba ilimin likita ba ne. Taswirar nan ta samo asali daga wani mutumin Hangari mai suna Ignaz von Peczely a ƙarni na 19, Bernard Jensen na Amurka ya yaɗa ta daga baya. An gwada ta. A 1979 an ba masu wannan sana'a uku, har da Jensen kansa, hotunan idon mutum 143, 48 daga cikinsu masu ciwon ƙoda, suka kasa ware su fiye da mai canki-canka. A 1988 aka sake a Holan da masu ciwon maɗaciya 39 da masu lafiya 39, nan ma haka. Zanen baƙin ido ba ya sauyawa da ciwon hanta ko ƙoda, rashin sauyawar ne ma ya sa ake tantance mutum da shi. Abin da ya fi damun mu shi ne wanda zai ajiye maganin hawan jini ko na suga saboda maganar mai tocila. Kada a yi haka.

Na karanta cewa Google na gano ciwon zuciya daga hoton cikin ido. A asibitinmu muna da kyamarar ɗaukar bayan ido don masu ciwon suga. Za ta iya nuna mana kolestarol? (Wata ma'aikaciyar jinya daga Kaduna)

Sista, aikin da kike nufi an buga shi a 2018. Masu bincike na Google da Verily sun horar da ƙirƙirarriyar basira da hotunan bayan ido na mutum 284,335. Ta iya hasashen shekarun mutum da kuskuren da bai fi shekara uku da 'yan watanni ba, ta gane namiji ne ko mace kusan kullum, ta kintaci lambar sama ta hawan jini da kuskuren wajen 11. Kitsen jini kuwa labarinsa daban ne. A wani binciken da aka buga a 2020 kan mutum kusan 3,000 a Katar, an sa irin wannan basira hasashen kolestarol, sakamakon ya yi rauni ƙwarai. Dalilin a fili yake: hawan jini da tsufa suna sauya kauri da lanƙwasar jijiyoyin bayan ido, kyamara na gani. Kolestarol kuwa ko ya ninka, launin jini ba ya sauyawa. Manhajar IDx-DR da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2018, illar suga a bayan ido take dubawa, ba kitse ba.

Amma akwai abu biyu da kyamararku za ta iya nunawa, kuma muna roƙon ki san su. Na farko ɗan ɗigo ne mai ƙyalli, ruwan ɗorawa, maƙale daidai inda jijiya ta rabu biyu. Robert Hollenhorst na asibitin Mayo ne ya yi bayaninsa a 1961. Ɓarɓashin kolestarol ne da ya ɓantaro, galibi daga babbar jijiyar wuya. Wanda aka ga wannan a idonsa yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, a tura shi ga likita a yi masa hoton jijiyar wuya ba tare da jinkiri ba. In kuma ya ce ido ɗaya ya taɓa rufewa kamar an saki labule na 'yan mintoci sannan ya washe, ranar za a gan shi, ba mako mai zuwa ba. Na biyu, jijiyoyin su koma fari-fari kamar madara. Wannan ba kolestarol ba ne, ɗaya kitsen ne da ake kira tiragilisarayid, idan ya haura dubbai. An fi ganinsa a mai suga da ya ƙi daidaituwa, kuma yana iya kumbura saifar suga, wato fankiriyas. Shi ma na gaggawa ne.

Wasu faci-faci masu ruwan ɗorawa sun fito mini a fatar ido kusa da hanci. An auna jinina an ce lafiya. In cire su? (Wata malamar makaranta daga Bauci)

Malama, kitse ne a ƙarƙashin fata, kuma kusan rabin masu shi awonsu daidai yake. Duk da haka, a binciken Kofanhegan da muka ambata, masu wannan facin sun fi saura kamuwa da bugun zuciya da kusan rabi, ko da kitsen jininsu bai hau ba. Don haka a duba miki hawan jini da suga, a riƙa maimaita awon kitsen. Likitan fata ko na ido na iya cirewa, sai dai yakan dawo. Kada a sa masa kanwa, tafarnuwa ko man bilicin, fatar wurin siririya ce, in ta ƙone ta tsuke tana iya hana idon rufuwa.

Ina tsoron allura, shi ya sa nake neman hanyar hoto. In dole sai jini, yaya ake yi, kuma yaya zan karanta takardar? (Wani direba daga Sakkwato)

Malam, jinin da ake ɗiba bai fi ƙaramin cokali ba. Akwai ma ƙananan na'urori irin su CardioChek da Accutrend da ɗigo ɗaya daga yatsa ya ishe su, sakamako cikin 'yan mintoci. Suna da amfani wajen tantancewar farko, amma suna da sharaɗi: a bar sifirit ya bushe, a goge ɗigon farko, kada a tatsi yatsan domin ruwan tsoka na tsinka jinin lambar ta sauka. Tsinken awon kuma ana so a ajiye shi ƙasa da digiri 30. A Sakkwato cikin Afrilu, inda zafi ke wuce 40, kwalin da ya wuni a shago mara sanyi ba abin dogaro ba ne. Ka duba ranar lalacewarsa, kuma duk lambar da ta fito sama a tabbatar da ita da jinin hannu a ɗakin gwaji.

In an ce ka zo ba ka ci komai ba, awa 9 zuwa 12 ake nufi: ka ci tuwon dare, ka sha ruwa kawai, ka je da safe. Likitoci da yawa yanzu suna karɓar awon farko ko mutum ya karya. Ka zauna minti biyar kafin a ɗiba. Kada a auna kana cikin zazzaɓi mai tsanani ko kana sabon tashi daga jinya, lambar kan sauka ta yaudare ka, a jira 'yan makonni. Mai ciki kuma tata hawa take yi.

A takardar ka fara duba ma'aunin. A Najeriya za ka ga mmol/L ko mg/dL, in ka tsallaka Nijar kuma sau da yawa g/L. Jimillar kolestarol ana son ta ƙasa da 5.2 mmol/L, wato 200 mg/dL, wato 2 g/L, duk abu ɗaya ne. HDL, mai amfanin, kada ya gaza 40 mg/dL ga namiji, 50 ga mace. Tiragilisarayid ƙasa da 150. LDL yawanci lissafa shi ake yi daga sauran ukun, kuma in tiragilisarayid ya wuce 400 lissafin ba ya aiki, sai a auna shi kai tsaye. Iyakar LDL da ta dace da kai ta dogara da shekarunka, hawan jini, suga da shan taba, wannan likita ne zai yanke. In ya hau, a duba suga, ƙoda da tayirod, wato ƙullin nan na gaban wuya, kafin a ɗora ka a kan magani, domin raunin tayirod da yoyon furotin ta ƙoda suna ɗaga shi. In an fara maka magani irin atorvastatin, ka koma awo bayan mako 4 zuwa 12 a ga ko ya kama. Ka gaya wa mai ɗiban jinin kana tsoro, zai kwantar da kai ya yi amfani da siririyar allura.